Tsakanin Tasha da Tasha: Yadda Manhajar Bugun 3D Ke Cike Gurbin Abin da Ba a Auna Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai zanen lalle tana aiki ya ga matsalar da masu bugun 3D suka daɗe suna fama da ita. Tana matsa ledar, lallen na fita ta ɗan tsinin, hannunta na tafiya. Idan ta ja dogon layi daga wuyan hannu zuwa yatsa, lallen kan fita sumul. Amma inda zanen ya matse, inda za ta yi ta jan gajerun layuka tana juyawa, sai ka ga ta sassauta matsar tun kafin ta kai kwana. In ba ta yi haka ba lallen zai taru a wurin ya yi dunƙule, domin hannu ya rage gudu amma matsin da ke cikin ledar bai ragu nan take ba.

Firintar da ke gina abu da narkakkiyar roba ita ma haka take aiki, sai dai ita ba ta da ido. Scott Crump ne ya nemi rajistar wannan fasaha a Amurka a 1989, kuma bayan wa'adin mallakarta ya ƙare a 2009 aka samu ƙananan firintoci masu araha, akasarinsu jikokin RepRap, aikin ƙera firintar da ke buga sassan irinta, wanda Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005. Giya tana tura zaren roba cikin wani ɗan ɗaki mai zafi, robar ta narke, ta fito ta bakin nozul, wato ɗan tsinin da ke kan firintar, a shimfiɗa ta layi bayan layi, hawa bisa hawa. Na'urar ba ta san ko ta zuba da yawa ko kaɗan ba. Abin da aka rubuta mata kawai take bi, kuma mai rubutun ita ce manhajar yanka, wadda ke yayyanka hoton abin zuwa hawa-hawa ta fitar da umarnin da ake kira G-code.

Lissafin da manhajar ke yi mai sauƙi ne. A ce layi mai tsawon milimita 5, faɗinsa 0.45, kaurinsa 0.2. Idan muka ɗauke shi kamar ɗan bulo, robar da zai ci ita ce 0.45 na milimita kubik. Zaren da aka fi amfani da shi kaurinsa milimita 1.75 ne, fuskar yankansa kuwa kusan milimita murabba'i 2.405, don haka za a tura zare mai tsawon 0.187. Wannan adadin ne ake rubutawa bayan harafin E a layin umarni. A takarda, layin da ya kai rabin wannan tsawo rabin robar zai ci, shi ke nan.

A kan faifan bugu kuwa ba haka abin yake ba. Buga wani abu mai kusurwa uku ka bar shi ya huce, sannan ka bi samansa da farce. A tsakiya, inda layukan ciko, wato masu cike tsakanin bangaye, ke da tsawo, farcen zai wuce shar. Yana dosar lungun da layukan suka gajarce sai ka ji ƙaiƙayi, ka ga robar ta ɗago ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali, wani lokacin har da alamar inda nozul ya bi ya share abin da ya taru. Haka ake gani a kusa da ramin ƙusa, da tsakanin haruffan da aka rubuta a kan maƙalin makulli. Dalilin kuwa, a ƙarshen kowane layi kan firintar yana taka burki ya juya, matsin cikin nozul yana ci gaba da tunkuɗo roba, bakin layin kuma yana ɗan hawa kan bangon da ke gefensa. Wannan rarar kusan ɗaya ce ko layin dogo ne ko gajere. Dogon layi zai shanye ta ba a gani ba. Gajere ba shi da inda zai kai ta.

Akwai maganin da ke cikin kwakwalwar firintar kanta. Manhajar Klipper tana kiransa Pressure Advance, Marlin kuma Linear Advance: a ƙara tura zare lokacin da gudu ke ƙaruwa, a janye lokacin da yake raguwa, wato dai sassautawar mai lalle. Yana rage matsalar sosai, amma sau da yawa ba ya kawar da ita a matsattsun wurare. Shi ya sa aka koma gyara ta daga manhajar yanka.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na OrcaSlicer. Asalinta doguwar silsila ce: Slic3r da Alessandro Ranellucci ya fara a 2011 ta haifi PrusaSlicer, ita kuma ta haifi Bambu Studio, daga nan OrcaSlicer ta ɓalle. A siga ta 2.0 da ta fito a 2024 aka saka mata gyaran kwarara na ƙananan wurare, wanda a da ƙaramin shiri ne na daban da ake bi da shi ta kan G-code bayan an gama yanka. Aikinsa shi ne ya duba tsawon kowane layi na cikon da ba shi da rami, ya ninka robar layin da wani adadi tsakanin 0 da 1. Adadin kuwa daga jadawali yake ɗauko shi. Jadawalin da manhajar ke zuwa da shi yana da ma'aunai goma, zan kira kowannensu tasha: tsawo 0 ya samu 0, tsawo 0.2 ya samu 0.4444, sai 0.4 da 0.6145, sai 0.6 da 0.7059, sai 0.8 da 0.7619, sai 1.5 da 0.8571, sai 2 da 0.8889, sai 3 da 0.9231, sai 5 da 0.9520, sai tasha ta ƙarshe, milimita 10, wadda ta samu 1 cif. Duk layin da ya wuce nan ba a taɓa shi. Manhajar tana sharɗanta cewa tashar farko ta fara daga 0, ta ƙarshe ta ƙare a 1, adadin kuma ya riƙa hawa daga tasha zuwa tasha.

Akwai wani abu a cikin waɗannan lambobi da ya burge ni ranar da na zauna da kalkuleta. Ɗauki tsawon, ka raba shi da tsawon da aka ƙara wa 0.25. Ga 0.2 ke nan, 0.2 a raba da 0.45, sai ga 0.4444. Ga 2, a raba da 2.25, sai ga 0.8889. Ga 3, sai ga 0.9231. Kusan duk jadawalin wannan ƙa'ida ɗaya yake bi. Yadda na fahimce shi, kamar ana cewa ne kowane layi yana zubar da robar da ta kai ta ƙarin rubu'in milimita bisa tsawonsa, don haka a rage masa daidai wannan. Wurare uku ne suka kauce. A 0.4 ƙa'idar tana ba da 0.6154, jadawalin ya ce 0.6145. A 5 tana ba da 0.9524, jadawalin ya ce 0.9520. A 10 kuma tana ba da 0.9756, amma an ɗaga shi zuwa 1 don gyaran ya ƙare ba tare da tsalle ba. Amfanin wannan gare mu shi ne mun samu ma'aunin da za mu gwada hanyoyin cike gurbi da shi.

Domin tashoshi goma ne kawai, layukan da manhajar za ta ci karo da su kuwa dubbai ne, kuma da wuya ɗaya ya faɗo daidai kan tasha. Wannan 1.13, wancan 4.07, na gaba 7.6. Dole a samo adadi ga kowannensu daga tashoshin da ke kusa. Nan ne ainihin batun yake, kuma hanyar da aka zaɓa tana iya sa jadawali ɗaya ya fitar da bugu iri biyu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa ta gaba. Layin da ke tsakiyar tashoshi biyu ya samu tsakiyar adadinsu. Ba ta taɓa fita daga iyakar tashoshin biyu, ba ta sauka inda jadawali ke hawa, kuma ɗan sakandare zai iya bin lissafinta da biro. Aibinta shi ne tana yanke kwana. Inda gaskiyar ta lanƙwasa kamar baka, ita tsirkiyar take bi. A tsawo 0.1 tana ba da 0.22, ƙa'idarmu kuwa 0.29. A 1.15 tana ba da 0.81 maimakon 0.82. A 4 tana ba da 0.938 maimakon 0.941. Ka ga kuskuren yana da ɗan girma inda lanƙwasar ta yi tsanani, yana kuma bajewa inda hanya ta miƙe.

Wani zai ce to a nemo lissafi guda ɗaya dogo da zai ratsa duk tashoshi goma a tare. Ana iya yi, amma tun 1901 masanin lissafi ɗan Jamus Carl Runge ya nuna cewa irin wannan layi yakan yi ta tangaɗi sama da ƙasa, musamman a gefe-gefe, kuma ƙara tashoshi na iya ƙara munin abin. Babu mai hankalin da zai ɗora kwararar roba a kansa.

Wadda masu shirya manhaja suka fi saurin miƙa wa hannu ita ce sifilayin, kuma da ita aka fara wannan gyara a OrcaSlicer. Sunan ya samo asali ne daga wata siririyar sanda mai lanƙwasuwa da masu zana jiragen ruwa ke amfani da ita. Sukan danne ta da nauyin dalma a wuraren da suke so, sandar ta lanƙwashe da kanta ta ba su layi mai laushi. Kafinta ma yana yin irin wannan idan zai fitar da bakan ƙofa: ya kafa ƙusoshi, ya lanƙwasa siririn katako a jikinsu, ya bi da fensir. I. J. Schoenberg ne ya mayar da abin lissafi a 1946. Tsakanin kowace tasha biyu ana saka gutsuren lanƙwasa, a kuma tilasta wa gutsattsarin su haɗu ba tare da karaya ba, ta fuskar tsayi, da tsinin hawa (wato yawan ɗagowar layin a kowace milimita), har ma da yadda tsinin hawan ke sauyawa. Abin da ke fitowa yana da kyan gani ƙwarai.

Adalci ya sa a faɗi cewa a kan jadawalin da manhajar ke zuwa da shi, sifilayin ba ta yin ɓarna. Na bi lissafin tasha bayan tasha, layin yana hawa lafiya daga farko har ƙarshe. A 0.1 tana ba da kusan 0.25, ta fi miƙaƙƙen layi kusa da gaskiya. A 7.5 tana ba da 0.976, daidai da miƙaƙƙen layin. Dalili kuwa tashoshin suna da yawa inda ake bukatarsu, kuma daga lanƙwasa mai laushi aka ciro su tun asali.

Matsala tana farawa ne ranar da mutum ya buɗe akwatin ya rubuta nasa jadawalin, kuma don a yi hakan aka bar akwatin a buɗe. A ce wani ya daidaita firintarsa da kyau, ya ga layukan da ba su kai milimita ɗaya ba ne kawai ke damunsa. Sai ya rubuta tashoshi huɗu: 0 da 0, sai 1 da 0.9, sai 2 da 0.95, sai 10 da 1. Bai karya ko sharaɗi ɗaya ba. Duk wanda ya karanta zai fahimci nufinsa: a hau da sauri zuwa 0.9, daga nan a lallaɓa zuwa 1.

Ga abin da sifilayin za ta yi da shi. Ta taso daga 0 da ƙarfi, kuma da yake an hana ta karyewa, tana isa tashar 1 da tsinin hawa na 0.47, alhali hanyar da ke gabanta hawan 0.05 kawai take bukata. Sai ta zarce. A tsawo 1.5 ta kai 1.00, har ta ɗan haura, wato inda mai jadawalin ya nemi a rage kashi 7 ko 8 cikin ɗari ba a rage komai ba. Don ta dawo ta taɓa tashar 2 dole ta gangaro, sai ta iso wurin tana fuskantar ƙasa. Gabanta kuma fili ne na milimita takwas babu ƙusa ko ɗaya da za ta riƙe ta. Sai ta ci gaba da nutsewa. A tsawo 5 adadin da take bayarwa 0.74 ne. Maƙwabcinsa na hagu ya ce 0.95, na dama ya ce 1, amma layin milimita 5 an zaftare masa fiye da rubu'in robarsa. Maimakon 0.187 na zare, 0.138 za a tura.

Mutumin zai ɗauko abin da ya buga ya ga lungunan sun ɗan gyaru, amma tsakiyar saman ya yi rariya, ana hango hawan ƙasa ta tsakanin layuka. Zai zargi zaren cewa ya sha danshi, ya zargi nozul cewa ya toshe, ya kwance giya ya goge. Da wuya hankalinsa ya kai kan jadawalin, domin in ya duba shi lambobin da ya rubuta ne zai gani, kuma daidai suke. Wannan ne ya fi damuna game da lamarin: kuskuren yana zaune a inda mai na'ura ba ya iya gani, kuma da sunansa aka aikata shi.

Maganin wannan ya girmi firintocin da muke magana a kansu. A 1980, F. N. Fritsch da R. E. Carlson na ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Amurka suka wallafa hanyar cike gurbi da ke mutunta alkiblar ma'aunai: idan tashoshi suna hawa, layin ba zai taɓa sauka a tsakaninsu ba. Ita ce aka fi sani yau da PCHIP, kuma tana cikin manhajojin lissafi irin su MATLAB da SciPy. Ita ma gutsattsarin lanƙwasa take haɗawa, irin waɗanda ake jingina wa Bafaranshe Charles Hermite, inda kowane gutsure ke bukatar abu huɗu kawai: tsayin tashoshinsa biyu da tsinin hawa a kowacce. Duk hikimar tana wajen zaɓen wannan tsini. Sifilayin tana warware lissafin tashoshi duka a dunƙule, shi ya sa abin da ya faru a tashar 1 ke girgiza layi har milimita 5. PCHIP kuwa a kowace tasha gefenta biyu kawai take dubawa. Idan gefe ɗaya na hawa ɗaya na sauka, sai ta kwantar da layin a wurin. Idan duka suna hawa, sai ta ɗauki wani irin matsakaici da ke karkata ga ƙaramin.

Wannan matsakaicin kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba. Ka je wani gari a mota kana gudun kilomita 90 a awa, ka dawo a ƙasa kana yin 5. Matsakaicin gudunka na zuwa da dawowa ba 47.5 ba ne, bai kai 10 ba, kusan 9.5 ne, saboda tafiyar ƙasan ce ta cinye lokacin. Haka PCHIP ke yi a tashar 1 ta jadawalin mutuminmu: hawan baya 0.9, na gaba 0.05, sai ta ɗauki 0.095. Kwatanta da 0.47 na sifilayin. Da wannan ɗan tsini layin ba shi da ƙarfin da zai zarce. A 1.5 yana ba da kusan 0.935, a 5 kuma kusan 0.98. Abin da mai jadawalin ya nufa ke nan. Inda tazarar tashoshi ba ɗaya ba ce akan saka nauyi gwargwadon tazarar, gyaran da Fritsch da J. Butland suka kawo a 1984.

Akwai kuma hanyar da Hiroshi Akima ya fitar a 1970, wadda ita ma maƙwabta na kusa take dubawa kuma tana rage tangaɗi sosai. Sai dai ba ta yi alkawarin cewa ba za ta taɓa sauka inda ake hawa ba, kuma a wannan aiki alkawarin ake nema.

Me PCHIP ta sadaukar? Laushin nan na mataki na biyu. A kan tasha, lanƙwasarta na iya sauyawa farat ɗaya, ko da yake layin kansa bai karye ba. A wasu ayyuka wannan babbar asara ce. Idan layin hanya ce da kan na'ura zai bi da gudu, sauyin lanƙwasa farat ɗaya yana nufin fizga, fizga kuma tana barin tabo a jikin abin da ake bugawa. Amma a nan babu abin da ke tafiya a kan wannan layi. Manhaja tana zuwa ne da tsawo ɗaya, ta karɓi adadi ɗaya, ta ninka, ta wuce layi na gaba wanda tsawonsa na iya zama ko nawa. Laushin da sifilayin ke taƙama da shi babu mai sayensa a wannan kasuwa, kuma kuɗin da ake biya dominsa shi ne haɗarin 0.74 ɗin can. Ni a ganina zancen ya ƙare a nan. Ko miƙaƙƙen layi ya fi sifilayin dacewa da akwatin da kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama a ciki, PCHIP kuma ta fi su duka biyu.

Yana da kyau a auna kurakuran da roba, ba da lambobi kawai ba. Kuskuren miƙaƙƙen layi a tsawo 0.1, wato 0.22 maimakon 0.29, yana da girma a ido. Amma layin duka robarsa 0.009 ce ta milimita kubik, bambancin kuwa bai wuce 0.0006 ba. Kuskuren sifilayin a milimita 5 ya haura 0.1 na milimita kubik a kowane layi, kusan ninki ɗari biyu ke nan, kuma irin waɗannan layuka su ne suka fi cika saman ƙananan abubuwa. Hankalin mutane yakan tafi ga farkon jadawali inda lambobi ke tsalle, alhali wutsiyar, inda tashoshi suka yi nisa da juna, ita ce wurin da ake asara.

Da PCHIP masu OrcaSlicer suka yi aiki lokacin da suka zo saka wani gyaran a siga ta 2.2, wanda ke sauya ƙarfin Pressure Advance gwargwadon yanayin bugu. Dalilin gyaran shi ne adadi guda ba ya dacewa da kowane gudu: a mafi yawan firintoci, yayin da kwarara da ƙarin gudu ke hawa, adadin da ake bukata yana sauka. Mai na'ura yana yin gwaji a gudu daban-daban, ya rubuta kowane sakamako da lambobi uku: adadin, da yawan kwarara, da ƙarfin ƙarin gudu. A nan gurbin fuska biyu gare shi. Manhajar tana fara cikewa ta fuskar kwarara ga kowane ƙarin gudu da aka gwada, sannan ta ɗauki amsoshin ta sake cikewa ta fuskar ƙarin gudun. Ma'aunan kuwa da ido ake karanta su daga abin gwaji, ba su da yawa, ba su da tsabta. Irin wannan jadawali ne sifilayin ta fi yi wa illa, kuma da yake cikewar hawa biyu ce, kuskuren farko zai shiga cikin na biyu.

Sai batun bakin iyaka. Idan bugu ya kai gudun da ya wuce duk abin da aka gwada, babu tasha a gaba. Barin lanƙwasa ta ci gaba da kanta a nan ganganci ne, domin tana iya kai adadin ƙasa da sifili ko ta harba shi sama. Abin da ya fi aminci shi ne a tsaya a kan adadin tashar ƙarshe. Wannan kuma yana ɗora nauyi a kan mai gwaji: ya gwada har gudun da zai yi aiki da shi a zahiri, kada ya tsaya a rabi.

Akwai wata mazhaba dabam da ta cancanci ambato, domin tana tona raunin duk hanyoyin da muka lissafa. Manhajar RepRapFirmware, wadda ita ma a cikin firinta take zama kamar Klipper da Marlin, tana da umarnin M592 don wata matsalar kwarara ta daban: idan ana tura zare da sauri, matsi yana ƙaruwa, haƙoran giya suna ɗan zamewa, robar da ke fita ta gaza wadda aka nema. A nan ba jadawali ake bayarwa ba, lambobi biyu ne, A da B. Ana ninka turin da 1, a ƙara A sau gudun zare, a ƙara B sau gudun da aka ninka da kansa, tare da rufin da ƙarin ba zai wuce ba. Mutum yana auna tashoshinsa, sannan ya nemo A da B da suka fi kusa da su duka, ko da layin bai taɓa ko ɗaya ba. Bambancin yana da muhimmanci. Cike gurbi yana ɗaukar kowace tasha a matsayin gaskiya tsantsa, ya bi ta kanta ko da hannun mai aunawa ya karkace. PCHIP ba za ta ƙirƙiro tudu ko kwari ba, amma in ka ba ta tasha mai kuskure za ta bi ta da biyayya. Ƙa'ida mai lambobi biyu kuwa tana shanye ƙananan kurakurai, sai dai in firintarka ba ta bi siffar ƙa'idar ba, babu yadda za ka lanƙwasa ta.

Wannan ya dawo da ni kan rubu'in milimitan nan. Tun da jadawalin asali kusan ƙa'ida ɗaya yake bi, mai son gyara shi ba sai ya yi ta cankar lambobi ɗaya-ɗaya ba. Ya sauya 0.25 ɗin kawai ya sake lissafa tashoshin. Idan lunguna sun rame bayan ya kunna gyaran, ya gwada 0.15: tashar 0.2 za ta koma 0.571, ta 2 ta koma 0.930, ta 5 ta koma 0.971. Idan har yanzu suna tudu, ya gwada 0.35. Ya bar tashoshin goma yadda suke, kada ya rage su zuwa uku ko huɗu, kuma in zai ƙara, ya ƙara ɗaya a wajen milimita 7 inda tazara ta fi faɗi. Jadawalin da aka ciro daga lanƙwasa mai laushi, kowace hanya aka bi da shi amsoshin kusan ɗaya za su fito.

Kafin duk wannan, sai an tabbatar yawan kwarara na gaba ɗaya ya daidaita a kan faffaɗan sama mai dogayen layuka, an kuma daidaita Pressure Advance, in ba haka ba jadawalin zai zama mayafin wata cutar dabam. Wanda kuma ke son ya san hanyar da sigar manhajarsa ke bi, gwajin ba ya cin ko giram ɗaya na roba. Ya saka tashoshi huɗun nan na misali, ya yanka abu mai kusurwa uku sau biyu, da gyaran a kashe da kuma a kunne, ya buɗe G-code ɗin biyu, ya nemo layin ciko mai tsawon kusan milimita 5 a hawan sama, ya raba E na biyu da E na farko. In ya ga 0.97, miƙaƙƙen layi ne. In ya ga 0.98, PCHIP ce. In ya ga 0.74, sifilayin ce, sai ya mayar da tashoshinsa goma kafin ya danna bugu.